FASHIN BAƘI: Saƙonnin da tsirrai ke musaya da maƙiyansu, da abin da suke nufi ga manomin Zariya

Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, duk wanda ya fita birnin Zariya ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ya nufi gonakin bayan ganuwa, ba zai yi nisa ba zai ci karo da wata ciyawa mai fure ruwan hoda a tsakanin kunyoyin dawa da masara. Baƙo kan tsaya ya ɗauke ta hoto. Manomi kuwa gabansa ne ke faɗuwa, domin ya san wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji, ya kuma san cewa kafin ta leƙo sama ta riga ta yi makonni a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse amfaninsa.

Can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, wuta-wuta na huda saiwar dawa ta haɗa jikinta da nata. An daɗe da sanin cewa ruwa da abinci na bi ta irin wannan mahaɗa. Abin da masana suka tabbatar a 'yan shekarun nan shi ne, a wurare da dama inda tsiro ya haɗu da wata halitta, ko funfuna ce, ko ƙwaro, ko wani tsiron mai cin ɗan uwansa, akwai wasu ƙananan sinadarai da ke ƙetarawa ɗauke da umarni. Su kan shiga jikin ɗaya ɓangaren su kashe masa aikin wasu ƙwayoyin gadonsa.

Wannan ilimi ya fara barin ɗakunan bincike ya shiga kasuwar iri da ta maganin feshi a wasu ƙasashe. Yana kuma taɓa muhawarar da ake tafkawa a Najeriya kan irin shuka da aka sauya wa halitta, muhawarar da cibiyarta ke Samaru, 'yan kilomitoci arewa maso yamma da tsohon birnin. Mai son tofa albarkacin bakinsa a wannan muhawara yana bukatar sanin mene ne ke ƙetarawa, ta wace hanya, da kuma inda iyakarsa take.

Wace irin wasiƙa ce wannan?

Jikin kowane tsiro, kamar na mutum da na dabba, an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ake kira tantani. A tsakiyar kowane tantani akwai DNA, wato kundin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, an rubuta shi da haruffa huɗu kacal da ke maimaita kansu. Kundin ba ya barin ma'ajiyarsa. Idan tantani na bukatar ƙera wani furotin, sai a kwafo shafin da ya dace a kan wani sinadari mai suna RNA, a aika kwafin zuwa wurin ƙira.

Mazauna birnin Zariya, garin ɗinkin babbar riga, sun san irin wannan tsari. Zanen asali na wurin gwani, abin da ke isa hannun mai allura kwafi ne. Wanda ya tare ɗan aike a hanya ya yage kwafin ya hana ɗinkin wannan riga, ko da yake zanen asali na nan bai taɓu ba.

Aikin ƙananan RNA ke nan. Guntaye ne masu haruffa 21 zuwa 24. Kowane guntu kan hau kan wani furotin mai suna Argonaute, su biyu su shiga neman saƙon da haruffansa suka dace da na guntun. Idan sun same shi, sai su datse shi ko su hana a karanta shi. Da wannan dabara tsiro ke tsara lokacin fitar ganye da fure, da ita kuma yake yaƙar ƙwayoyin cutar bairos.

An gano lamarin ne a hankali. A 1990 Carolyn Napoli da Richard Jorgensen a Amurka sun ƙara wa furen petunia ƙwayar gadon launi don ya ƙara duhu, sai ga wasu furannin sun fito farare. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka bayyana ƙaramin RNA na farko a jikin wata 'yar tsutsa. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna cewa RNA mai tufka biyu ne ke tayar da wannan aikin rufe baki, sannan a 1999 Andrew Hamilton da David Baulcombe a Ingila suka ga guntayen a jikin tsirrai. Fire da Mello sun karɓi kyautar Nobel a 2006, Ambros da Ruvkun kuma a 2024.

Har zuwa nan, ana ɗaukar abin a matsayin harkar cikin gida: kowace halitta da nata guntayen, tana sarrafa kanta da su. Sai dai tsirrai da funfuna da ƙwari duk haruffa iri ɗaya suke karantawa, kuma mafi yawansu na da nasu Argonaute. Saboda haka guntun da aka rubuta a jikin wata halitta zai iya aiki a jikin wata, muddin ya sami hanyar shiga.

Yaƙin tsiro da funfuna

Hujja ta farko mai ƙarfi ta fito ne a 2013 daga ɗakin binciken Farfesa Hailing Jin a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside. Ita da abokan aikinta sun yi nazarin Botrytis cinerea, funfuna mai launin toka da ke ruɓar da tumatir da inabi. Sun ba da rahoto a mujallar Science cewa funfunar na tura nata ƙananan RNA cikin tantanin tsiro, inda suke hawa kan Argonaute na tsiron su kashe saƙonnin da ke tayar da garkuwarsa. Wato da makamin mai gida ake cin gidan.

Ba a jima ba aka ga tsiro ma na ramawa. A 2016 masu bincike a Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin, ƙarƙashin Hui-Shan Guo, sun nuna cewa auduga idan funfunar Verticillium ta kama ta, wadda ke toshe jijiyoyi ta sa ganye yaushi, takan ƙara yawan wasu guntaye biyu, miR166 da miR159, ta tura su cikin funfunar. A can suke rufe ƙwayoyin gado biyu da funfunar ke bukata don yin ɓarna.

A 2018 ɗakin binciken Jin ya bayyana ɗaya daga cikin hanyoyin sufurin. Tantanin tsiro kan ƙunshe guntayen cikin wasu 'yan jakunkuna masu fatar maiƙo, ya fitar da su a daidai wurin da funfuna ta manne, ita kuma ta haɗiye su. Jakar ce ke kare saƙon daga lalacewa a hanya.

Ba kullum ne musayar ke zama ta gaba ba. Duk manomin da ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga 'yan ƙululu a saiwarsu. A cikinsu ne bakteriya ke zaune tana samar wa tsiro sinadarin naitirojin, shi ya sa waɗannan amfanin ke gyara ƙasa. A 2019 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka sun gano cewa bakteriyar da ke zama a saiwar waken suya na aika guntayen RNA da ke lafar da wasu ƙwayoyin gadon saiwar, abin da ke sauƙaƙa samuwar ƙululun.

Akwai saɓani a fagen, kuma ya kamata a faɗe shi. A 2023 masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun cire wa Botrytis sinadaran da ke yanka mata guntaye, suka ga ba ta fasa cutar da tumatir ba. An kuma lura cewa wasu nau'o'in funfuna ba sa shan RNA daga waje ko kaɗan. Ƙetarawar ta tabbata, amma nauyinta ya bambanta daga wata cuta zuwa wata, kuma masana na ci gaba da auna shi.

Tsiron da ke cin ɗan uwansa

Bahaushe ya san kauci, tsiron da ke hawa reshen bishiya ya rayu da guminta. Akwai wani mai irin wannan hali da masana suka fi zurfafa bincike a kansa, mai suna Cuscuta. Kamar zaren taliya yake, rawaya, ba shi da saiwa ba shi da ganyen kirki. Yakan nannaɗe karan wani tsiro ya cusa masa bakin tsotso.

A 2014 tawagar James Westwood a jami'ar Virginia Tech ta ƙirga saƙonnin RNA a ɓangarorin biyu na wannan mahaɗa, ta tarar dubbai sun ƙetara, wasu daga mai gida zuwa baƙo, wasu daga baƙo zuwa mai gida. A 2018 Michael Axtell na Jami'ar Jihar Pennsylvania da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa Cuscuta na ƙera wasu guntaye na musamman a daidai bakin tsotson, masu auna ƙwayoyin gadon mai gida. Ɗaya daga cikin waɗanda suke rufewa ita ce mai taimaka wa tsiro ya toshe jijiyar abincinsa idan aka ji mata rauni. Dabarar ta yi kama da ta sauro, wanda ke zuba yawu don kada jini ya daskare yana cikin sha.

Wuta-wuta, inda lamarin ya yi wuya

Wuta-wuta, wadda masana ke kira Striga, ita ce babbar misalin wannan hali a ƙasar Hausa. Nau'in Striga hermonthica na kama dawa da gero da masara, Striga gesnerioides kuma na kama wake. Tushe ɗaya na zubar da dubun dubatar iri masu laushi kamar ƙura, kuma irin na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira.

Abin da yake jira saƙo ne, ko da yake wannan na farko ba RNA ba ne. Saiwar tsiro, musamman a ƙasar da ta gaji ba ta da taki, na fitar da wani sinadari don kiran wata funfuna mai amfani da ke taya ta neman abinci. Irin wuta-wuta na sauraren wannan kira, da ya ji shi sai ya tsiro ya nufi saiwar. An fara tace sinadarin ne a 1966 daga saiwar auduga, aka sa masa suna strigol. Auduga na fitar da shi amma wuta-wutar hatsi ba ta iya kama ta, haka ma waken suya. Irin da ya amsa kiransu yakan tsiro ya mutu da yunwa. Wannan ne dalilin da ya sa malaman gona ke ba da shawarar juya shuka da waɗannan amfanin, da kuma dalilin da ya sa wuta-wuta ta fi addabar talakan da ba ya iya sayen taki.

Shin bayanan gado ma na bi ta wannan mahaɗa? A 2010 Satoko Yoshida da Ken Shirasu na cibiyar RIKEN a Japan sun sami wata ƙwayar gado a jikin Striga hermonthica wadda babu irinta a danginta na kusa, amma ta yi kama ƙwarai da wata ta dawa. Fasalinta ya nuna alamar cewa ta shigo ne a matsayin saƙon RNA a wani zamani mai nisa, daga baya ta zauna cikin kundin wuta-wutar. Ke nan wannan ciyawa ta taɓa ɗauke shafi daga littafin hatsin da take ci, tun kafin a san akwai ɗakin bincike a duniya.

Daga nan tunani ya zo: idan saƙo na iya wucewa daga hatsi zuwa wuta-wuta, me zai hana a koya wa hatsin ya rubuta saƙon da zai kashe ta? An gwada dabarar a kan wata 'yar uwarta, Orobanche, mai kama tumatir a Gabas ta Tsakiya. A 2009 tawagar Radi Aly a Isra'ila ta samar da tumatir mai fitar da RNA da ke auna wata ƙwayar gadon ciyawar, kuma an ga yawan mutuwarta ya ƙaru. Amma gwajin da aka yi da masara a kan Striga a shekarun 2000 bai ba da kariyar da aka yi fata ba.

Wani ɓangare na bayanin yana cikin tsarin jijiyoyi. Tsiro na da hanyoyi biyu a jikinsa: jijiyar ruwa, wadda bututu ne na matattun tantani da ke jan ruwa daga ƙasa zuwa sama, da jijiyar abinci, mai rai, wadda ke rarraba sukari tare da saƙonnin RNA. Cuscuta da Orobanche na haɗuwa da jijiyar abinci. Wuta-wutar dawa kuwa ta fi dogara da jijiyar ruwa, inda zirga-zirgar RNA ba ta da yawa. Maƙiyin da ya fi damun manomin Zariya yana daga cikin waɗanda suka fi wuyar aika wa wasiƙa.

Saboda haka makaman da ke hannu a yau su ne waɗanda aka samu ta hanyar barbarar iri da aka saba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, wadda tushenta ke komawa 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta yi aiki da cibiyar IITA wajen fitar da nau'o'in masara masu jure wuta-wuta, irin su SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16, da kuma nau'o'in wake da ciyawar ba ta iya kamawa.

Daga ɗakin bincike zuwa gona

A wasu fagagen dabarar ta yi nasara, kuma ta hanyoyi biyu ake amfani da ita. Ta farko ita ce a sa wa iri ƙwayar gadon da za ta sa shi ƙera saƙon da kansa. A 2007 aka nuna cewa masarar da aka yi wa haka na kashe wata tsutsa mai cin saiwa a Amurka, kuma a 2017 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta yi wa irin rajista. A Kenya, hukumar da ke kula da irin wannan fasaha ta amince a 2021 a ci gaba da gwajin wani rogo a fili, wanda ke amfani da RNA wajen kare kansa daga cutar bairos mai ruɓar da saiwa.

Misalin da ya fi kusa da rumbun Bahaushe shi ne na gubar aflatoksin. Funfunar Aspergillus ce ke zuba ta cikin masara da gyaɗa, ba a ganinta, dafuwa ba ta kashe ta, tana kuma jawo ciwon dajin hanta. A 2017 Monica Schmidt ta Jami'ar Arizona da abokan aikinta suka samar da masarar da ƙwayarta ke fitar da RNA mai rufe ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da funfunar ke haɗa gubar da su. Funfunar ta kama masarar a gwajin, amma na'ura ba ta ga guba a cikinta ba. Masana a cibiyar ICRISAT, wadda ke da reshe a Kano, sun ba da rahoton makamancin wannan a kan gyaɗa.

Hanya ta biyu ba ta taɓa iri kwata-kwata. Ana haɗa RNA a masana'anta a fesa a ganye kamar kowane magani. A Disamba 2023 Amurka ta yi rajistar Calantha, maganin feshi na farko irin wannan, don yaƙar wani ƙwaro mai cin ganyen dankalin turawa. Ƙwaron da ya ci ganyen ya haɗiyi saƙon da aka rubuta don wata ƙwayar gadonsa, sauran halittun da haruffansu ba su dace ba kuwa ba a sa ran zai taɓa su. Cikin 'yan kwanaki maganin ke narkewa a ƙasa.

Ga ƙasar da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenta tun 2015 saboda yawan maganin dichlorvos da aka samu a ciki, feshin da ba ya barin guba abin sha'awa ne. Sai dai akwai cikas. Rana da ruwan sama na lalata RNA da wuri, shi ya sa masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka gwada manna shi a kan ƙurar wani yumɓu a 2017, suka sami kariya ta kusan kwana 20. Na biyu, manyan ƙwarin da ke addabar Arewa, wato Tuta absoluta da ta sa Jihar Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016, da tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a wannan shekarar, da tsutsar maruka mai huda wake, duk dangin malam-buɗe-littafi ne. Cikin irin waɗannan tsutsotsi na narkar da RNA kafin ya yi aiki. Na uku, an riga an nuna a ɗakin bincike cewa ƙwaro na iya sabawa da wannan makami kamar yadda yake sabawa da sauran.

Shin saƙon na shiga jikin mai cin tuwo?

Wannan ce tambayar da ta fi yawo a WhatsApp da Facebook, kuma tana da asali a kimiyya. A 2011 tawagar Chen-Yu Zhang ta Jami'ar Nanjing a ƙasar Sin ta sanar cewa ta sami wani guntun RNA na shinkafa, miR168a, a jinin mutane, kuma a jikin ɓeraye yana shafar yadda hanta ke kwashe kitse daga jini. Labarin ya karaɗe duniya.

A 2013 ƙungiyoyi uku suka nemi maimaita sakamakon. Ɗaya ta haɗa da ma'aikatan kamfanin Monsanto, wanda ke da riba a cikin amsar, don haka akwai dalilin yi wa nata rahoton kallon tsanaki. Sauran biyun na jami'o'i ne, Johns Hopkins da Harvard, kuma sun gwada birai da ɓeraye da mutane. Dukkansu ba su sami guntayen a adadin da zai iya wani tasiri ba. Wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa gurɓatar samfuri a ɗakin gwaji na iya haifar da irin wannan sakamako. Tawagar Nanjing ta ci gaba da kare matsayinta, amma rinjayen hujja bai goyi bayanta ba.

Dalilin a bayyane yake. Funfuna da Cuscuta na manne ne da tantanin tsiro kai tsaye, fata da fata. Abincin mutum kuwa sai ya bi ta wuta, da ruwan ciki mai tsami, da sinadaran hanji da na jini masu farfasa RNA. Masu haɗa magunguna sun sha wahalar wannan shinge: sai a 2018, shekara 20 bayan binciken Fire da Mello, aka amince da maganin mutane na farko mai aiki da ƙaramin RNA, patisiran, kuma sai an ƙunshe shi cikin maiƙo na musamman an ɗura ta jijiya. Ban da haka, duk lomar tuwo da duk ganyen zogale cike suke da RNA na tsiro, haka ɗan Adam yake ci tun farkonsa. Ko dankalin Hausa, kamar yadda wani bincike na 2015 ya nuna, yana ɗauke da ƙwayoyin gadon wata bakteriya da suka shige shi tun dubban shekaru.

Wannan bai rufe ƙofar bincike ba. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta muhalli: ko saƙon da aka rubuta don ƙwaro mai ɓarna zai dace da haruffan ƙudan zuma ko wani ƙwaro mai amfani. Ana iya auna wannan, amma sai an san jerin haruffan ƙwarin da ke yankin, kuma na Afirka ta Yamma ba a karanta su kamar na Turai da Amurka ba.

Abin da Samaru ta fitar

A nan ake yawan cakuɗa abubuwa. Waken SAMPEA 20-T, wanda tawagar Farfesa Mohammad Ishiyaku ta IAR ta samar aka kuma saki a Disamba 2019, da masarar TELA da aka saki a Janairu 2024 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Rabiu Adamu, ba da dabarar RNA suke aiki ba. An sa musu ƙwayar gado ce daga bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ke sa tsiro ƙera furotin da ke kashe tsutsa. Masu aikin sun ce waken na rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina.

Ƙungiyoyi irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey na adawa da waɗannan iri, suna kafa hujja da 'yancin manomi kan irinsa, da rashin lakabi a kasuwa, da kuma shakku kan tsarin tantancewa. A Mayu 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sababbin iri na wannan nau'i har sai ta kammala bincike. Hukumar NBMA, wadda aka kafa da dokar 2015 aka kuma faɗaɗa ikonta a 2019, na cewa tana tantance kowane iri kafin ta ba da izini.

Fasahar RNA za ta iso kan wannan teburi, kuma za ta zo da tambayoyin da suka fi jita-jitar WhatsApp amfani. Idan feshi ne, wanda ba ya sauya iri, wa zai tantance shi: NBMA, ko NAFDAC mai rajistar magungunan ƙwari? Za a gwada shi a kan ƙudan zuma da ƙwarin Najeriya, ko za a dogara da takardun da kamfani ya kawo daga waje? Za a wallafa sakamakon gwajin inda ɗalibi da ɗan jarida za su iya karantawa? Wa ya mallaki jerin haruffan, nawa kuma manomi mai kadada ɗaya zai biya?

Tambaya mafi girma ita ce ta wanda zai biya kuɗin binciken. Kamfanonin da suka kai fasahar kasuwa sun fara ne da ƙwarin masara da dankalin Amurka, domin a can masu saye suke. Wuta-wuta cutar gonar talaka ce, ga ta da wuyar sha'ani, ba ta kuma da kasuwar da za ta ja hankalinsu. Idan za a gano wane saƙo ne ke iya ratsa mahaɗarta da dawa, sai dai a cibiyoyin gwamnati irin na Samaru da abokan hulɗarsu, kuma hakan ya rataya ne a kan kasafin kuɗin da 'yan majalisa ke amincewa da shi duk shekara, da wutar lantarki a ɗakin gwaji, da ko matasan masana za su sami dalilin zama a gida.

Kafin wannan lokaci, shawarar malaman gona ga mai gona a bayan ganuwa ba ta sauya ba: ya nemi iri mai jurewa, ya zuba taki gwargwadon hali, ya juya shuka da waken suya ko auduga, ya kuma tuge wuta-wuta ya ƙone ta tun tana fure, kafin ta zubar da irin da zai jira shi shekara 10.